Goyo da Lokacin Sauke Yaro a Al'adar Hausawa: Duba daga Randagi ta Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Iyaye a manyan birane sukan tambayi lokacin da ya kamata yaro ya daina hawa keken jarirai. Wannan muƙala ta ɗauki tambayar ta ɗora ta a kan abin da Bahaushe ya gada, wato goyo, tare da kafa misali da Randagi da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. An yi la'akari da harshe da al'ada da koyarwar addini da ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Muƙalar ta nuna cewa goyo iri biyu ne: goyon raino da goyon tafiya. Na farko yakan fara raguwa da zarar yaro ya tsaya da ƙafarsa, ya ƙare wajen shekara biyu. Na biyu kuwa nisan hanya da hatsarinta ne ke yanke masa wa'adi, don haka yakan wuce shekara uku a ƙauyukan daji. Rashin bambance su ne ke sa a zargi uwa da sangarta yaro a inda take kare shi, ko a ci gaba da ɗaure yaro a baya a inda ya kamata a sake shi.

Fitilun Kalmomi: Goyo, Yaye, Raino, Keken Jarirai, Randagi

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar ɗaukar yaron da bai iya tafiya ba, kuma kowace tana fuskantar ranar da za ta sauke shi. A Turai da Amurka muhawarar tana kan keken jarirai ne, inda akan ga yaro ɗan shekara huɗu ana tura shi a titi, wasu na ganin lalaci ne, wasu na ganin larura ce. A ƙasar Hausa muhawarar tana kan bayan uwa. Idan aka ga yaro da wayo, ƙafafunsa na reto har gwiwar uwarsa, ba a rasa mai cewa ya isa saukewa. Idan kuma aka sauke shi da wuri saboda sabon ciki, ba a rasa mai tausaya masa.

Manazarta al'adun Hausawa sun yi rubutu mai yawa a kan haihuwa da suna da wankan jego da yaye. Sauke goyo kuwa bai sami irin wannan kulawa ba, wataƙila don ba shi da biki ko rana tsayayya kamar yadda yaye yake da su. Duk da haka mataki ne da ya shafi lafiyar ƙafar yaro da lafiyar bayan uwa, a wasu wuraren ma ya shafi rayuwar yaron kanta. Manufar wannan muƙala ita ce fito da ma'aunan da ake bi wajen sauke yaro, da nuna yadda yanayin wuri yake sauya su.

2.0 Randagi da Yanayinta

Randagi tana ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Tana yammacin ƙasar, ɓangare ɗaya da Kakangi, a ƙarƙashin masarautar da Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II yake sarauta. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar daji ce. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuma ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,121. Dajin yana haɗe da na Kuyambana a Jihar Zamfara. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa da Fulani da Gwarawa da Kamukawa, kuma noma ne babbar sana'arsu, musamman noman masara da dawa.

Abubuwa biyu game da wannan yanayi sun shafi batun goyo kai tsaye. Na farko shi ne hanya. Abin da ya haɗa unguwa da gona, ko ƙauye da rafi, turba ce ta ƙafa da babur, mai rairayi da rani, mai laka da kwazazzabai da damina. Na biyu shi ne tsaro. Tun cikin shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙasar Birnin Gwari, Randagi da ƙauyukanta na cikin wuraren da abin ya shafa, mutane da dama kuma suka bar gidajensu. A ƙarshen Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙaddamar da sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Uwar da ta rayu cikin waɗannan shekaru ta san goyo a matsayin abin da ya wuce rarrashin yaro.

3.0 Goyo a Harshe da Al'ada

3.1 Kalmar Goyo

Goyo shi ne ɗora yaro a baya a ɗaure shi da zane, a ƙarfafa da majanyi. Kalmar tana nufin aikin, tana kuma nufin yaron da aka goya, shi ya sa ake cewa mace tana da goyo ko da yaron yana kwance a ɗaki. Daga nan ma'anar ta yaɗu. Mai ciki tana goyon ciki. Masara idan ta fitar da 'ya'ya a jikin kara an ce ta yi goyo. Wanda ya tsaya wa wani an ce ya ba shi goyon baya. Yaron da ya tashi a sangarce kuwa akan kira shi goyon kaka. Wannan yaɗuwa ta nuna cewa Bahaushe yana kallon goyo ta fuska biyu: ɗaukar nauyin wanda bai iya ɗaukar kansa ba, da kuma haɗarin wuce gona da iri a cikin wannan ɗauka.

Harshen ya kuma bambance goyo da sauran hanyoyin ɗaukar yaro. Akwai runguma a ƙirji, da saɓawa a kafaɗa, da ɗauka a kwiɓi, da dokin wuya wanda maza suka fi yi wa yaron da ya yi wayo. Kowace tana da matakin shekarun da ta dace da shi, kuma jerinsu kaɗai ya isa ya nuna cewa rabuwar yaro da jikin babba a hankali take faruwa.

3.2 Amfanin Goyo

Goyo yana sakar wa uwa hannuwanta biyu. Da goyo take daka da tankaɗe da wanki da ɗiban ruwa. Yana kwantar da yaro, domin ɗumin jiki da motsin tafiya sukan sa shi barci. Yana kuma nisanta shi da wuta da ruwan zafi da dabbobin tsakar gida. Binciken da Cara Wall-Scheffler da abokan aikinta suka buga a 2007 ya gano cewa ɗaukar jariri a hannu yana cin ƙarfin mai tafiya fiye da ɗaukarsa a ɗaure da kusan kashi 16 cikin 100. Ke nan zane da majanyi fasaha ce ta rage wahala.

Wannan fasaha ta ja hankalin wasu al'ummu. Ann Moore, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya da ta yi aiki a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo, ta koma gida ta ƙirƙiro jakar ɗaukar jariri mai suna Snugli, wadda ta yi wa rajista a 1969. A Bogota ta ƙasar Kolombiya kuma, likita Edgar Rey ya fara a 1978 tsarin ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, tsarin da a yau asibitoci da yawa a duniya suke bi.

4.0 Keken Jarirai da Goyo

Tarihin keken jarirai yakan faro ne daga wanda William Kent ya ƙera a Ingila a 1733 domin 'ya'yan wani basarake. Wanda ake naɗewa a rataya, wanda ya fi yaɗuwa a yau, Owen Maclaren ne ya ƙirƙiro shi a 1965. Keken yana buƙatar shimfiɗaɗɗiyar hanya da gefen titi na masu tafiya a ƙasa. A Kaduna da Kano da Abuja akan gan shi a manyan shaguna da filayen jirgi da gidajen masu hali. A turbar gona ta Randagi kuwa ba shi da wurin bi, domin tayarsa ba za ta ƙetare kunya ko kwazazzabo ba.

Duk da wannan bambanci, aikinsu ɗaya ne: dukansu suna ɗaukar yaro, dukansu kuma suna hana shi motsi muddin yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa su wuri guda a ƙa'idojin da ta fitar a watan Afrilun 2019 game da motsa jiki da barcin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ba da shawarar kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, ta kuma kawo misalai da keken jarirai da kujerar cin abinci da ɗaure yaro a bayan mai raino. Saboda haka tambayar da uwa a Landan take yi game da keke ita ce uwa a Randagi take yi game da majanyi. Inda suka rabu shi ne nauyin yaron keke yana kan taya, na yaron goyo kuwa yana kan ƙashin bayan mace.

5.0 Ma'aunan Sauke Yaro

5.1 Ƙafar Yaro

Ma'auni na farko shi ne abin da yaron ya iya. Bahaushe ya jera matakan: riƙe wuya, zama, rarrafe, tsayuwa, tatata, tafiya, gudu. Karin maganar da ke cewa da rarrafe yaro kan tashi ta ɗauki wannan jeri a matsayin doka. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon bibiyar yara 816 a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. An gano cewa yara masu lafiya sukan zauna da kansu tsakanin wata 3.8 da 9.2, su yi rarrafe tsakanin wata 5.2 da 13.5, su tsaya da kansu tsakanin wata 6.9 da 16.9, su yi tafiya ba riƙo tsakanin wata 8.2 da 17.6. Kimanin kashi 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam.

Darasi biyu ke cikin waɗannan alƙaluma. Tazarar tana da faɗi, don haka yaron da ya yi tafiya a wata tara da wanda ya yi a wata goma sha shida duk lafiyayyu ne, kuma ba a sa wa dukkan yara rana ɗaya ta sauka daga baya. Sannan tazarar tana da iyaka. Yaron da ya kai wata 18 bai taka ba yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya, domin tamowa ko laushin ƙashi ko wata larurar jijiya na iya zama sanadi. A nan goyo yana iya ɓoye matsala, saboda yaron da kullum yake baya ba a saurin gane cewa ƙafarsa ta gaza.

Ƙafa kuma da aiki take ƙarfi. Charles Super, a binciken da ya buga a 1976 kan al'ummar Kipsigis ta Kenya, ya nuna cewa jariransu sukan riga na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda, saboda iyaye suna koya musu waɗannan abubuwa da gangan. Matan Kipsigis masu goyo ne. Abin da ya ba yaransu rinjaye shi ne lokacin da ake sauke su a horar da su. Hausawa ma suna da irin wannan horo. Akan zaunar da jariri a kewaye shi da tsummoki ko matasai har ya iya zama, akan riƙe hannuwansa ana yi masa tatata, kafintoci kuma suna ƙera keken katako mai taya uku wanda yaro yake turawa yana koyon tafiya. Wannan shi ne keken yara na gargajiya, kuma yaron ne yake tura shi da ƙafarsa.

5.2 Bayan Mai Goyo

Ma'auni na biyu shi ne nauyi. Bisa ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin nauyin ɗa namiji shi ne kilo 3.3 ranar haihuwa, 9.6 a shekara ɗaya, 12.2 a shekara biyu, 14.3 a shekara uku. Na 'ya mace kuwa 3.2 ne da 8.9 da 11.5 da 13.9. Alal misali, mace mai nauyin kilo 55 da ta goya ɗan shekara biyu tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta, kafin a lissafa tulu ko dami da ke kanta. Matan Gwarawa, waɗanda aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, su ma nauyin biyu a gadon baya yake haɗuwa.

Ba uwa kaɗai take goyo ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin ayyukan yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan da ke cikin kulle suke dogara da yara wajen aike da talla da raino. A karkara ma yayar yaro ko 'yar raino ce take karɓar goyo idan uwa ta shiga aiki. Yarinya 'yar shekara takwas matsakaicin nauyinta kusan kilo 25 ne. Idan ta goya ɗan shekara ɗaya, ta ɗauki fiye da sulusin nauyinta. Saboda haka lokacin sauke yaro daga bayan 'yar raino ya kamata ya riga lokacin sauke shi daga bayan uwa. Yarinyar ita ma ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma idan ta yi tuntuɓe su biyu ne za su faɗi.

5.3 Nisan Hanya da Hatsarinta

Ma'auni na uku shi ne wanda ya fi bayyana a Randagi, kuma a nan ne ya zama dole a raba goyo gida biyu. Goyon raino shi ne na tsakar gida, wanda ake yi don yaro ya yi shiru ko ya yi barci, ko don uwa ta samu ta yi aiki. Goyon tafiya shi ne na hanya: zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa asibiti, zuwa biki a wani ƙauye. Yaron da ya iya zagaye tsakar gida bai iya tafiyar awa biyu a rana tsaka ba. Takunsa gajere ne, yana saurin gajiya da ƙishirwa, ƙafarsa kuma tana kusa da ƙaya da kunama da maciji.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Richard Lee, wanda ya zauna da mutanen San na hamadar Kalahari a shekarun 1960, ya bayyana cewa matansu sukan ɗauki yaro a tafiye-tafiyen neman abinci har ya kai shekara uku zuwa huɗu. Duk inda rayuwa ta dogara da doguwar tafiyar ƙasa, ɗaukar yaro takan daɗe.

A ƙasar Birnin Gwari an sami ƙarin dalili. Lokacin da hari ya sa mutane gudu cikin dare, yaron da ke baya yana tare da uwarsa duk inda ta nufa, hannuwanta kuma suna sake don ta riƙe wani. Wanda ya fi shiga hatsari shi ne ɗan shekara uku zuwa biyar: ya yi nauyin da goyonsa ke rage gudu, bai kuma kai ƙarfin da zai bi manya ba. Uwar da take da jariri da kuma irin wannan yaro tana da baya ɗaya ne. Shi ya sa batun yana da fuska biyu a irin wannan wuri. Goyon tafiya ba abin da za a yi wa uwa gori a kansa ba ne ko da yaron ya girma. Haka kuma sakin yaro ya yi ta yawo da gudu a tsakar gida tun yana shekara ɗaya shiri ne na ranar da ƙafarsa za ta zama abin dogaronsa.

5.4 Yaye da Zuwan Ƙane

Ma'auni na huɗu shi ne wanda al'ada ta fi riƙewa. A aikace, yaye ne yake kawo ƙarshen goyon raino. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara da aya ta 14 ta Suratu Luƙman, aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf kuma ta haɗa ciki da yaye a wata talatin. Hausawa sukan yaye yaro tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a wurare da dama kuma akan riga yaye namiji. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nono zalla na wata shida, da ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, ta yi kusa da wannan.

A bisa al'ada akan kai yaron da za a yaye gidan kakarsa ko wata 'yar'uwa, ya yi kwanaki ko watanni, wani lokaci ma ya zama ɗan riƙo. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda yaye da riƙo suke tafiya tare. Abin lura a nan shi ne yaron da aka yaye ta wannan hanya yakan rasa abu biyu a rana ɗaya: nono da bayan uwa. Hikimar kai shi wurin kaka ita ce ya sami wani bayan da zai hau kafin ya saba. Inda gudun hijira ya raba iyali da dangi, wannan sassauci yakan ɓace. Abin da ya fi sauƙi ga yaro a irin wannan hali shi ne a raba matakan biyu: a rage goyon raino tun watanni kafin yaye, ko a ci gaba da ɗan goya shi bayan an cire shi daga nono.

Matsalar takan tsananta idan aka sami kwanika, wato ciki a kan goyo, wanda wasu ke kira rurrutsa. Uwa takan yaye yaron ba shiri, cikin da ke girma kuma ya hana ta ɗaura majanyi. Sunan cutar kwashiyoko, wanda likita Cicely Williams ta shigar cikin rubutun likitanci a 1935, ya fito ne daga harshen Ga na Ghana, kuma yana nuni ga ciwon yaron da sabon jariri ya ture. Taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a 2005 ya ba da shawarar tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Tsohuwar al'adar Hausawa ta nisantar miji a lokacin shayarwa wannan tazara take karewa.

6.0 Zargin da Ake Yi wa Goyo

Akwai masu ganin cewa daɗewa a goyo ne ke lanƙwasa ƙafar yaro ko ya sa masa gwame. Ilimin ƙashi bai goyi bayan wannan ba. Yawancin jarirai da 'yar lanƙwasa ake haihuwarsu, takan miƙe wajen shekara biyu, gwiwoyi su ɗan haɗu wajen shekara uku zuwa huɗu, sannan su daidaita wajen shekara bakwai. Lanƙwasa mai tsanani da ba ta gyaruwa yawanci alamar laushin ƙashi ce. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a tsakanin yaran Nijeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadinta. Maganinta yana cikin abinci da kulawar asibiti, sauke yaro daga baya kaɗai ba zai warkar da ita ba. Hasali ma zaman goyo, inda cinyoyi suke buɗe gwiwoyi suna sama, zama ne da likitocin ƙashi suke ganin yana taimaka wa ƙashin cinya ya zauna daidai a gurbinsa.

Illar da ta tabbata ita ce ta tsawon lokaci. Ƙa'idojin 2019 da aka ambata sun nemi jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a rana yana kife a kan cikinsa idonsa biyu, ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu kuma ya sami aƙalla minti 180 na motsa jiki. Yaron da ya wuni a baya ba zai sami wannan ba. Gaskiya ne cewa ƙa'idar awa ɗaya tana da wuyar bi ga macen da ke kan hanyar gona, kuma ba za a ce ta tsaya a tsakiyar daji don cika ta ba. Amma a gida da inuwar gona tana yiwuwa. Akwai kuma wuraren da goyo da kansa yake zama hatsari: gaban murhu, inda yaro ke shaƙar hayaƙi, da kan babur, inda kansa yake a fili idan aka faɗi.

Tsarin ɗauka da saukewa yana da asali a sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, yana ajiye ta idan zai yi sujada, yana ɗaukar ta idan ya miƙe.

7.0 Matakan Saukewa

Idan aka haɗa ma'aunan nan huɗu, za a iya fitar da matakai kamar haka:

i. Daga haihuwa zuwa wata shida: goyo yana da cikakken amfani, da sharaɗin a tallafi wuya, a bar fuska a buɗe, a kuma riƙa kwantar da jariri a tabarma yana motsa gaɓoɓinsa.

ii. Daga wata shida zuwa fara tafiya: a ƙara lokacin ƙasa domin zama da rarrafe da tsayuwa, goyo ya koma na barci da aiki da hanya.

iii. Daga fara tafiya zuwa shekara biyu: goyon raino ya riƙa raguwa, 'yar raino ƙarama ta daina ɗauka, a bar yaro ya taka gajerun tafiye-tafiye.

iv. Daga shekara biyu zuwa uku: goyon tafiya kaɗai ya rage, yaro ya fara hanya da ƙafarsa a ɗauke shi idan ya gaji.

v. Bayan shekara uku: goyo ya zama na larura, wato ciwo ko doguwar tafiya ko gudun tsira. Yaro mai naƙasa kuwa buƙatarsa ce ma'auninsa.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa sauke yaro daga goyo mataki ne mai tsawo wanda yake farawa daga ranar da yaro ya zauna, kuma abubuwa huɗu ne suke tafiyar da shi: ƙafar yaro, bayan mai goyo, yanayin hanya, da yaye. Goyon raino yana ƙarewa wajen shekara biyu, daidai da wa'adin da addini da al'ada da likitanci suka yi kusan haɗuwa a kansa. Goyon tafiya kuwa yana bin yanayin ƙasa, shi ya sa a Randagi zai fi daɗewa a kan yadda yake a unguwannin birni. Ga ma'aikatan lafiya, wannan yana nufin shawarar da za a ba uwa a karkara ta fi amfani idan ta tsaya a kan yawan lokacin da yaro yake samu a ƙasa kowace rana. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai fili a buɗe: kalmomin goyo a karuruwan harshe, waƙoƙin raino, da yadda shekarun gudun hijira suka taɓa al'adar kai yaro yaye gidan kaka a ƙasar Birnin Gwari, duk suna jiran wanda zai tattara su daga bakin matan da suka goya.